ME YA HAƊA ƘANƘARAR ƘARSHEN DUNIYA DA GONAR DAWA A YOLA?



'Yan uwa, makonni biyu da suka wuce na yi kuskure a wajen karatu tsakanin Magariba da Isha a nan Yola, ta Karaye nake nufi, ba ta Adamawa ba. Na ɗauko maganar sauyin yanayi, na yi ta jero lambobin da na karanto game da narkewar ƙanƙara. Da na gama, wani dattijo da ya haife ni ya ce: "Malam, mun ji. To mu da ko ƙanƙarar sayarwa sai an kawo mana daga gari, ina ruwanmu? Kuma wa ya ba Bature sanin gobe?" Aka yi dariya. Wallahi gaskiyarsa, ni ne ban iya bayani ba. An ruwaito daga Sayyidina Ali cewa a riƙa yi wa mutane magana daidai fahimtarsu, ni kuwa na manta da wannan a daren.

Bari in sake gwadawa.

Ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya ba baƙi ba ne a fiƙihu. A jami'a mun karanta mas'alar garuruwan da rana ke yin makonni ba ta faɗi ba, kamar Tromso a arewacin Norway, inda akwai Musulmi da masallaci. Malamai suka yi musu ƙiyasi da hadisin Dujal, suka ce su ƙaddara lokutan salla. Idan mun yarda wurin yana nan a babin salla, ban ga dalilin ƙaryata shi a babin damina ba.

Ga abin da masu binciken suke yi. A can dusar ƙanƙara ba ta narkewa duka, ta bana tana hawa kan ta bara, ta danne ta. Wanda ya taɓa haƙa rijiya ya san yadda ƙasa take hawa-hawa, jan ƙasa, marmara, yashi. Haka ƙanƙarar take, sai dai kowane hawa zamani ne. A tsakiyarta akwai 'yan ƙananan kumfar iska da suka maƙale tun zamanin da. A wani wuri da ake kira Dome C a Antatika, masana daga Turai sun huda ƙanƙara zurfin fiye da kilomita 3, suka zaro iskar shekara 800,000, suka auna. A duk tsawon wannan lokaci iskar kabon mai riƙe zafi ba ta wuce kusan kashi 300 cikin miliyan ba. Yau ta haura 420, saboda fetur da gawayin ƙasa da gas da ɗan Adam yake ƙonawa, da dazuzzukan da yake sarewa.

Baba, wannan ba duba ba ne. Awo ne na abin da ya riga ya faru, kamar mai awon hatsi da kwanonsa. Gaibu na Allah ne Shi kaɗai, kuma duk wanda ya ce ya san ranar da ruwa zai sauka yanke, maƙaryaci ne. Amma kai kanka idan ka ga hadari ya haɗo daga gabas, iska ta juya, kana cewa yara su kwashe shanya, ba wanda ya ce ka yi shirka. Annabi Yusuf, alaihis salam, da aka sanar da shi shekarun fari, tara hatsi ya sa aka yi a zangarniyarsa tun ana cikin wadata.

Sai tambayar "ina ruwanmu". Ruwanmu kuwa, a zahirinsa. Daminarmu daga tekun Atilantika take tasowa, iska ce ke ɗauko danshin ta kawo shi arewa har ya iso Rogo da Karaye. A cikin tekun akwai wani babban magudani da ke kai ruwan ɗumi zuwa arewa. Idan ƙanƙarar tsibirin Girinlan ta narke da yawa, ruwan daɗi ya kwarara cikin na gishiri, magudanin yana iya yin rauni, layin damina ya ja baya zuwa kudu. A 2017 wasu masana, akasarinsu daga Faransa, sun fitar da lissafi cewa idan narkewar ta yi sauri, ruwan yankin Sahel zai ragu sosai, ƙasar noman gero da dawa ta ƙanƙance. Lissafi ne bisa sharaɗi, su ma ba su ce wahayi ba ne. Amma iyayenmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san abin da ja da bayan damina yake nufi, ba sai an fassara musu ba. Kuma masana da dama suna ganin hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen wancan farin, ta hanyar sanyaya arewacin tekun. Ka ga ke nan abin da ya faru a nesa ya taɓa shigo mana rumbu.

Abin da ke damuna shi ne duk wannan ilimi yana kwance cikin Turanci. Manomin da abin zai fara shafa shi ne na ƙarshe da zai ji. Masu binciken suna rubuta wa junansu, 'yan boko namu suna yi wa juna taro a otal a Abuja, mu kuma masu mumbari, da muke da jama'a duk Juma'a ba tare da mun biya ko sisi ba, wasunmu sun ce makircin Yahudawa ne, suka rufe babin. Wannan kasala ce aka sa mata rawani. Idan labari ya zo, bincike aka umarce mu da yi, ba watsi da shi don ba mu son mai kawo shi ba.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa: lokacin da ake sa ran saukar ruwa, tsawon damina, da inda ake tsoron ruwa ya ɗauke a tsakiya. Limamai nawa ne a tsakaninmu suka taɓa karanta wa jama'a shi? Ni ban taɓa ba. Muna fita sallar roƙon ruwa, kuma sunna ce, amma ba mu gaya wa mutum ya nemi iri mai saurin nuna ba, ko ya dakata da shuka bayan ruwan farko, ko masu noman rani a bakin dam ɗin Challawa su yi tattalin ruwa.

Na koma gidan dattijon nan da ƙullin ƙanƙara a leda, na nuna masa kumfar da ke ciki. Ya juya ta a hannu har ta fara ɗiga, ya ce: "To wannan na gane." Sai ya tambaye ni ko ta can ɗin ma haka take ɗiga. Na ce eh, Baba, sai dai ta Girinlan idan ta narke duka teku zai tashi kusan mita 7. Ya yi shiru, sannan ya ce yana da jika a Legas.

In sha Allahu, da zarar hasashen bana ya fito zan karanta na yankinmu bayan sallar Juma'a. Ɗaliban jami'a 'yan Karaye da Rogo da suka karanci labarin ƙasa ko aikin gona, ku yi mini magana ta akwatin saƙo, ina so ɗayanku ya zauna kusa da ni ranar don ya gyara mini inda na kauce.