Bizar Karatu a Ma'aunin Alƙawari

Malaman fiƙihu na farko sun yi dogon bayani a kan abin da suka kira amana, wato izinin da hukumar wata ƙasa ke bai wa baƙo ya shiga cikinta da tabbacin kariyar ransa da dukiyarsa, shi kuma ya ɗauki nauyin cewa ba zai ha'inci mutanenta ba. Muhammad bin Hasan Shaibani, almajirin Imam Abu Hanifa wanda ya rasu a shekara ta 189 bayan Hijira, ya tattauna wannan babi a littafinsa Siyarul Kabir, haka nan Ibn Ƙudama a cikin Mugni ya tabbatar da haramcin ha'inci a kan Musulmin da ya shiga ƙasar da ba ta Musulmi ba da izininsu. Malamai da dama na wannan zamani suna ɗaukar biza a matsayin wannan ƙulli, saboda haka abin da ɗalibi ya faɗa yayin nemanta yana da nauyin sharaɗi a cikin yarjejeniya.

Abu na farko da ake jarraba gaskiyar ɗalibi da shi shi ne kuɗi. Ingila tana buƙatar kuɗin makaranta da na zama su kwana 28 a jere a asusun banki kafin a miƙa takardu, kuma daga nan ne wata sana'a ta ɓullo, inda ejan ke zuba wa ɗalibi kuɗin aro na ɗan lokaci, ya janye su da zarar an fitar da bayanan asusun, sannan ya karɓi ladansa. Wannan ya haɗa laifi biyu, domin shaidar zur ce a kan mallakar abin da ba a mallaka ba, kuma bashi ne da ya jawo wa mai shi riba, wanda shi ne ainihin abin da shari'a ta hana. Hujjar cewa ofisoshin jakadanci ma suna cin kuɗin mutane, tunda dala 185 da Amurka ke karɓa ba ta dawowa ko da an hana bizar, koke ne mai tushe, amma tsaurin sharaɗi yana bai wa mutum damar ƙin shiga yarjejeniya ne kawai. Dalili a kan haka shi ne abin da Imam Muslim ya ruwaito cewa Ƙuraishawa sun kama Huzaifa bin Yaman da mahaifinsa, suka sake su bisa alƙawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi (SAW) ba, kuma a lokacin yaƙin Badar, duk da ƙarancin mayaƙa, Annabi ya umarce su da su cika alƙawarin.

Batun niyya ya fi wannan sarƙaƙiya. Sashe na 214(b) na dokar shige da fice ta Amurka ta 1952 yana ɗaukar mai neman bizar karatu a matsayin mai nufin zama dindindin har sai ya gamsar da jami'i cewa zai koma gida, don haka ɗalibin da ya tsaya a gaban tagar ofishin jakadanci a Abuja ko Legas ana tambayarsa ne game da abin da ke cikin zuciyarsa. Wasu suna fakewa da tauriyya, wato faɗin magana mai harshen damo da nufin mai sauraro ya fahimci abin da ba shi ake nufi ba, sai dai wasu malamai sun taƙaita halaccinta ga wanda ake zalunta, kuma malamai sun ce rantsuwa a gaban mai haƙƙi tana bin manufar wanda ya nemi a yi ta.

Duk da haka, abin da aka nema daga ɗalibi labari ne game da niyyarsa ta ranar, tunda gobe ba a hannunsa take ba. Wanda ya ce zai dawo yana nufin haka, daga baya yanayi ya sauya, ya nemi izinin aiki ta hanyar da dokar ƙasar ta buɗe, kamar damar zama bayan kammala karatu da Ingila ta fara bayarwa a 2021, bai warware komai ba, domin mai amanar ne da kansa ya sabunta ta. Hukuncinsa ya sha bamban da na wanda tun kafin ya cike fom ya riga ya ƙudurta cewa makarantar ƙofar shiga ce kawai, ya kuma shirya inda zai ɓuya idan wa'adin bizarsa ya cika.