Famfon Da Ya Ƙi Ruwa Da Hukuncin Al'ada

Duk ɗalibin da ya durƙusa a zauren malami a Kano ko Sakkwato ya karanta Ummul Barahin ta Shehu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, ya ji an raba hukunci kashi uku, na shari'a da na hankali da na al'ada, kuma an gaya masa cewa na ukun nan rataya abu ne ga abu saboda yawan maimaituwa, alhali saɓawa mai yiwuwa ce, domin babu mai tasiri a haƙiƙa sai Allah. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne inda wannan aƙida take tsayawa a gaban famfon lantarki da aka haɗa a bakin rijiya, aka kunna, yana ta juyi, amma ko ɗigo bai fitar ba.

Sirrin wannan famfo farfela ce mai lanƙwasassun fikafikai a cikin murɗaɗɗen kwanso, wadda idan ta juya takan watsa ruwa daga tsakiya zuwa gefe, sai nauyin iskar da ke danne da fuskar rijiyar ya turo wani ruwan ya maye gurbin wanda ya tafi. Da yake ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800, farfelar da ke juyi cikin iska ba ta tsinana kome, shi ya sa makaniki yakan fara da ɗura wa kwanson ruwa har ya tumbatsa. In ruwan ya sulale, ya san bawul ɗin da ke gindin bututu ba ya riƙewa. In ya tsaya amma ba ya hawa, sai ya bi mahaɗan bututun ɗaya bayan ɗaya, yana neman inda iska ke kutsowa. Wani lokaci injin gurnani kawai yake yi ba ya tashi, kafasita ta mutu ke nan. Wani lokaci, a injin mai layi uku, juyin ne ya koma baibai, maganinsa musanya waya biyu. Akwai kuma ƙarar nan mai kama da ana tauna tsakuwa, alamar an ɗaga famfon nesa da ruwa, kumfar tururi tana fashewa a jikin farfela tana cin ƙarfen sannu a hankali.

To, maigidan da ya bar famfonsa ya yi ta juyi a bushe har abin da ke toshe yoyo a gindin farfela ya ƙone, sa'an nan ya ce ƙaddara ce, ya faɗi gaskiya, amma gaskiyar da ba ta wanke shi daga sakaci, tun da Imamu Gazali da kansa, wanda ya kafa misalin wuta da auduga a cikin Tahafutul Falasifa ya ce wuta ba ita ke ƙonawa da ɗabi'arta ba, ya tabbatar da cewa Ubangiji yana halitta mana sanin cewa al'adar za ta ci gaba da gudana yadda ta saba. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba ya mayar masa da martani cewa wanda ya kore sabubba ya kore ilimi baki ɗaya.

Tarihin famfo ya ba kowannensu hujja. Ƙarnoni da dama mabiya Arisɗo suna koyar da cewa ruwa yana bin bututu ne domin ɗabi'a ba ta yarda da wofi ba, suna ɗaukar wannan illa, wato dalili, wajiba ta hankali, alhali masu aikin rijiyoyi a Italiya sun daɗe da sanin cewa ruwan ba ya wuce kimanin mita 10 kome ƙarfin zuƙa. Da masanin nan Torricelli ya yi gwajinsa da zaiba wajen 1643, ya nuna cewa nauyin iska ne ke turo ruwan, sai illar ta rushe, al'adar kuwa ta zauna daram inda take. Wannan nasara ce ga Gazali, kuma abin lura ne cewa mutakallimai, wato malaman tauhidi, sun tabbatar da yiwuwar wofi tun malaman falsafa suna musunsa.

Sai dai ni a ganina adalci bai bari a tsaya nan ba. Wanda ya fahimci nauyin iska yana iya faɗa, tun bai taka dutsen Jos ba, cewa famfo a can ba zai zuƙo ruwa daga zurfin da yake zuƙowa a Ikko ba, kamar yadda masanin nan Pascal ya yi hasashe kafin a hau dutsen Puy de Dôme da ma'aunin zaiba a 1648. Irin wannan sani kuwa ya wuce ƙirgen maimaituwa, domin ya riga gani. Ba na zaton wannan ya taɓa asalin aƙidar, tun da tsarin da hankali ya hango shi ma halitta ne, amma yana tilasta mana mu faɗaɗa abin da muke nufi da al'ada, ta ƙunshi ma'auni da lissafi, aikin da sharhohin da ke hannunmu ba su yi ba tukuna.