Maharbi da Zabuwa Mai Kwanci

Ya kai mai karatu, idan kai mutumin Bodinga ne, ko na Shagari, ko na wani ƙauye a kan hanyar da ta fito daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega, ka san kukan zabin daji da asuba, ka kuma san yadda makwarwa takan tashi fir daga ƙarƙashin ƙafarka har gabanka ya faɗi. Ka tambayi wani tsoho na garinku, za ya gaya maka a zamanin ƙuruciyarsa sun fi haka yawa nesa. Domin wannan muna so mu yi shawara da kai a kan wata tambaya wadda masu neman sanin hanya sukan kawo: ko farauta laifi ce?

Amsar wannan gajeruwa ce. Farauta ba laifi ba ce. Mutumin da ya ɗaura kan burtu a goshinsa, ya yi rarrafe cikin ƙaya rabin yini domin ya kusanci garken zabi, ya kawo nama ga 'ya'yansa, ya ci guminsa ne. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Amma akwai wata tambaya a bayan wannan, ita ce mai wuya.

Ga shi damina ta yi tsaka, watan Agusta ne, ka tafi gona. A gindin wata sabara ka iske zabuwar daji tana kwance bisa ƙwai goma sha biyar. Ta lafe, ba ta tashi ba, gama uwa mai kwanci ba ta son barin ƙwanta. Sandarka tana hannunka. Babu mai ganinka. Da tunkiya ce, da ka san tana da mai ita, ka san kuma akwai alƙali. Amma wannan tsuntsuwa ba mai shaida a kanta, ba wanda za ya kai ƙararka. To, abin da ba shi da mai shi, naka ne duka?

A cikin Attaura ta Musa, a littafin Kubawar Shari'a, sura 22, akwai doka a kan wannan abu kansa. An yardar wa mutumin da ya tarar da sheƙa ya ɗauki 'ya'yan, amma an hana shi haɗawa da uwar. Sai ya sake ta ta tafi. Ka lura da hikimar da ke ciki, gama manomi ya riga ya san ta. Ko yunwa ta yi tsanani, mai hankali ba ya dake irin da ya ajiye domin shuka. Uwa ita ce iri. Idan ka bar zabuwan nan kwana 28 ko ƙasa da haka, sai ta fito da 'yan tsaki. Waɗansu shaho za ya ɗauke, waɗansu ruwa za ya kashe, amma saura za su girma su zama garken da za ka yi farautarsa da rani. Idan kuwa ka buge ta yau, ka ci nama na dare ɗaya, ka kuma binne garke guda. A ganina ma, yanzu da daji ya ƙuntata haka, gara ka bar ƙwan tare da uwar. Dokar nan ta nuna iyakar da ba a ƙetarewa ne, ba ta hana mutum ya tsaya nesa da iyakar ba.

Har yanzu dai ba gaskiya ba ne cewa tsuntsuwar ba ta da mai ita. Wanda ya halicce ta shi ne mai ita, mu kuwa amana aka ba mu. Maƙwabcinka yana da rabo a cikinta, jikanka da ba a haifa ba tukuna shi ma yana da rabo. Wanda ya ɗauki rabon mutumin da ba ya nan, domin ba ya nan ya yi magana, me za mu kira shi?

Na san abin da za ka ce mini. Za ka ce, “In na bar ta, wani za ya zo bayana ya kashe ta, na yi hasara, ita kuwa ba ta tsira ba.” Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa zan raina ta ba, gama sau da yawa haka yakan faru. Amma ka ji labarin ƙasar da kowa ya faɗi haka. A gabashin Amurka akwai wata kazar daji, kamar makwarwa amma ta fi ta girma, wadda dā ta yi yawa har ta zama naman talakawa. Kowa yana harbi, kowa yana cewa ɗaya tasa ba za ta rage kome ba. Wajen shekara ta 1870 ta ƙare sarai a babban yankin ƙasar, sai kaɗan suka ragu a wani tsibiri na jihar Masacusets. A 1908 aka keɓe musu wuri, suka soma ƙaruwa har suka kai wajen 2,000. Sai a 1916 gobara ta ci dajin a lokacin kwanci, ta ƙone uwaye a kan ƙwansu. Daga nan ba su sake komawa yawansu na dā ba. Namiji guda ya ragu, yana zuwa filin da suka saba taruwa yana kira, babu mai amsa masa, har aka daina ganinsa a 1932. Ba wani mugu ɗaya ne ya ƙare su ba. Mutane ne masu kirki irinka da irina, kowannensu yana duban hannun ɗan'uwansa. Kai dai ba za a tambaye ka abin da mai zuwa bayanka ya yi ba, sai abin da ka yi sa'anda sanda take hannunka. Wataƙila kuma shi mai zuwa bayan nan yana jiran ya ga wani ya fara ne.

Amma kada ka yi tsammani sanda da bindiga kaɗai ke kashe tsuntsu. Zabuwa da makwarwa a ƙasa suke yin sheƙa, cikin ciyawa da ƙananan itatuwa. Inda babu maɓoya babu su. Ciyawan nan kuwa ita ce abincin shanun makiyayi. A yammacin Amurka, inda masu shanu suke da manyan filayen kiwo, akwai wata kazar daji da ke zaune cikin wani ɗan itace mai ƙanshi kamar tazargade. Binciken hukumar ƙasar na 2021 ya nuna ta ragu da wajen kashi 80 cikin 100 tun daga 1965. Tun 2010 masu shanu da yawa suka shiga wani shiri tare da gwamnati: suna juya wurin kiwo domin ciyawa ta huta, suna rataya alama a kan wayar shinge domin kada tsuntsu ya yi karo da ita. Aikin bai ƙare ba, amma sun gane abu guda, watau filin da ya yi wa tsuntsu kyau yakan yi wa saniya kyau.

Hakanan yake a wurinmu. A 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar namun daji, a 1965 kuma ta yi dokar keɓe makiyaya. Takarda dai tana nan, amma takarda ba ta kashe wuta. Samari sukan cinna wa daji wuta da rani domin su kori gafiya da zomo, su samu abin da bai cika taiki ba, su bar Bafulatani da shanunsa a kan toka har ruwa ya sauka. Wani yakan ci burtali da garma, taki ɗaya bana, taki ɗaya baɗi. Wani kuma, abin baƙin ciki, yakan jiƙa hatsi da maganin ƙwari ya watsa a bakin tafki, ya kwashe tsuntsayen da suka mutu ya kai kasuwa. Wannan ba farauta ba ce ko kaɗan. Ya kashe uwa da ɗa, da wanda ake ci da wanda ba a ci, ya kuma sa guba a tukunyar mutumin da ya amince da shi ya saya.

Saura maganar yunwa. Watan da zabuwa take kwanci shi ne watan da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. Idan mutum ya kama ta domin yaransa sun kwana biyu ba su ci ba, ni ba zan ɗaga murya a kansa ba. Laifin ya fi kusa da mu maƙwabta da muka bar shi haka. Amma ka binciki zuciyarka da gaskiya: yunwa ce, ko kwaɗayi, ko kuɗin kasuwa? Mafi yawan lokaci ka san amsar tun kafin ka ɗaga sandar. Akwai kuwa hanya mai sauƙi wadda matan ƙasarmu suka daɗe da sani: a sayi ƙwan zabin gida, a sa wa kaza ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe ta yi reno. Mai zabi goma a gida ba ya bukatar sheƙar daji.

Mutanen Ingila sun yanka wa farautar tsuntsaye lokaci tun a dokarsu ta 1831. Kazar dajinsu ta kan tudu ba a harbinta sai daga 12 ga Agusta zuwa 10 ga Disamba, bayan 'ya'ya sun yi fiffike. Farautarsu ta masu arziki ce, yawancinta domin nishaɗi, ba na kuwa ce ka kwaikwaye su a cikin wannan; amma yanka lokaci abu ne mai kyau, ba ya kuma bukatar kuɗi. Garinku yana da dagaci, maharba suna da shugabansu, Fulani suna da arɗo. Ka je wurinsu da ladabi kafin ruwan fari, kai da mutum biyu ko uku da suka yarda da kai, ku roƙa a yi shela cewa daga shuka har girbin gero ba mai taɓa zabuwa ko sheƙarta, ba mai sa wuta a makiyaya. Waɗansu za su yi maka dariya, su ce ka zama wakilin tsuntsaye. Ka bar su su yi, ka koma baɗi ka sake roƙo.