Wanda Ya Koyar Da Likitanka

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, idan aka ce likita, mai farar riga da ke rubuta mana magani shi ke zuwa a rai. Amma akwai wanda ya koyar da shi, kuma a kansa nake son mu tsaya yau: malamin jami'a mai karantar da likitanci, wanda rayuwarsa ta rabu tsakanin aji, asibitin koyarwa da bincike.

Ku duba tsawon tafiyar. Shekara shida a jami'a, shekara guda ta horo a asibiti, bautar ƙasa, sannan wasu shekaru biyar ko shida na ƙwarewa. Bayan nan ma ba ya zama farfesa sai ya yi ta bincike yana wallafawa, takwarorinsa suna tace abin da ya rubuta. Ɗalibin hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba: ba a karɓar magana sai an bi diddiginta.

Imamul Ghazali a cikin Ihya'u ya sa likitanci cikin farillan kifaya, har ya koka da cewa garuruwa da yawa ba su da likita musulmi, alhali ɗalibai sun yi dafifi a kan mas'alolin saɓani. To idan likitanci farilla ne, mai samar da likitocin fa? Ƙa'idar usulu sananniya ce: abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, malamin fiƙihun Shafi'iyya ne kuma likita. Shi ya bayyana cewa jini yana bi ta huhu kafin ya koma ɗaya ɓangaren zuciya, ya saɓa wa Jalinus da Ibnu Sina. Gidansa da littattafansa kuwa ya yi waƙafinsu ga asibitin Mansuri.

Kada a ce labarin da ne. Yaranmu masu sikila suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun suna ƙanana. A ƙasashe masu wadata ƙarin jini ake musu kusan duk wata don kariya. Wane talaka ne a cikinmu zai iya wannan? Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsu, tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka ɗauki shekaru suna bincike. Suna auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwar yaro da na'ura, su gane wanda ke cikin haɗari, su ba shi maganin hydroxyurea. Sakamakon ya nuna ko ƙaramin awo na maganin yana rage haɗarin. Uwar yaron ba ta san sunansu ba, amma Allah Ya sani.

Mu limamai ma da bincikensu muke aiki. Da muke cewa a yi gwajin jini kafin ɗaurin aure, domin AS da AS kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haihuwar SS, ai ba daga Risala ko Askari muka samo ba.

Abin da ke ci min rai shi ne, farfesa zai yi shekara ashirin a kan cuta ɗaya, wani ya tashi da muryar minti uku a WhatsApp ya ƙaryata shi, mu kuma mu tura gaba ba tare da tabbatarwa ba. Wallahi za a tambaye mu. Ga shi da yawansu suna tafiya Saudiyya da Ingila. Ban ga laifin mai neman halal ba, sai dai duk farfesan da ya tafi, aji guda ne ya rasa malami.

Masu hali, unguwa ɗaya masallacin Juma'a uku. Cikinku wa zai ware waƙafi, ya ɗauki nauyin bincike guda a Shika, ko Sakkwato, ko Maiduguri?

Wallahu a'alam.