Zane na wa ne?

Yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda Nijar take cikinta, ta ɗora wa hukumar OAPI da ke Yawunde rajistar zanen kayan masana'antu. Mai rajista yana samun kariyar shekara 5, ana iya sabunta ta har ta kai 15, da sharaɗin zanen ya kasance sabo. Amma mene ne sabo a ƙasar da sana'a gado ce?

A ce kamfanin atamfa ya yi rajistar zane mai siffar aska takwas. Maɗinka suna iya neman kotu ta soke takardar, hujjarsu tsofaffin riguna da hotunan kakanni. Kamfanin kuwa zai ce launi da tsari nasa ne, ya kashe dukiya, masu kwaikwayo suna cin guminsa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa.

Aikin alƙali shi ne ya raba gado da ƙari. Abin da mutum ya ƙara da basirarsa nasa ne, a kare masa shi. Abin da ya tarar na jama'a ne. Takardar rajista tana faɗin ranar da aka kai zane ofis. Ranar da aka fara ɗinka shi kuwa, sai a tambayi masu allura.