Kuɗin Mota Ma Magani Ne

Ya ɗan'uwa, ga wani tsoho a ƙauyen Rogo, yana ta rufe masa ido. A Kano kuwa akwai asibitin ido wanda mishan ta buɗe a 1943, inda akan cire yana, mutum ya sake gani. Amma makaho ba ya tafiya sai da ɗan jagora: kuɗin motar mutum biyu ke nan, zuwa da komowa ta Karaye, ga abinci, ga masauki. Domin rashin wannan yana zaune cikin duhu.

Alhakinsa yana wuyan wa? Ka ce, "Ni ma matalauci ne, na kuwa gaishe shi." Gaisuwa tana da kyau, amma ba ta kai shi tasha ba. A cikin misalin Yesu, Basamariye ya ɗora mai rauni bisa dabbarsa, ya biya mai masauki dinari biyu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da kaka kowane gida ya keɓe mudun dawa, a sayar, amintattu biyu su riƙe kuɗin. Kada fa a tambayi addinin majinyaci, gama ciwo bai tambaya ba.