Labarin Iska ga Mutanen Teku da Mas'alar Gaibu

A ƙasar Ingila, idan dare ya raba, da ƙarfe 12:48, bayan an sa wani sassanyan kiɗa wanda ba a sake shi, sai wata murya ta fito a rediyon BBC ta shiga jera yankunan teku 31 da suka kewaye tsibiran Birtaniya, ta fara daga Viking can wajen Norway, ta gangaro Dogger da Humber, ta kewaya ta kudu da yamma har ta tuƙe a gefen Iceland, kowane yanki a faɗi inda iskarsa za ta fito, da ƙarfinta, da iyakar nisan da ido zai iya hange. Na fara jin wannan karatu a wani gidan haya da na sauka cikin hunturu, inda uwar gidan, tsohuwa wadda bisa ga faɗarta ba ta taɓa sa ƙafa a jirgin ruwa ba, ta ɗaga mini hannu in yi shiru, ta ajiye kofin shayinta, ta lumshe ido har aka gama. Ni kuwa, mutumin tudu, na zauna ina mamakin abin da ya haɗa ta da iskar Dogger.

Asalin al'amarin musiba ce. A watan Oktoba na 1859 guguwa ta fyaɗa jirgin Royal Charter, wanda ya taso daga Ostiraliya, a kan duwatsun tsibirin Anglesey, mutum fiye da 400 suka halaka alhali saura ƙiris su isa Liverpool. Robert FitzRoy, wanda a da shi ne kyaftin ɗin jirgin Beagle da ya ɗauki Darwin, kuma a lokacin yana shugabancin ofishin lura da yanayi, ya ga cewa da an tattara labarin iska daga tashoshin gaɓa ta wayar tangaraho, da an riga guguwar isa. Daga 1861 ya sa ana ɗaga wata alama mai siffar mazurari a tashoshin jiragen ruwa: in tsininta ya dubi sama, iska mai ƙarfi na tafe daga arewa, in ya dubi ƙasa, daga kudu. Masunta suka yi na'am, jaridu suka riƙa yi masa ba'a duk ranar da ya kuskure, masana kuma suka ce aikinsa ba shi da tushe. Ya kashe kansa a 1865, aka dakatar da gargaɗin a 1866, sa'an nan kukan mutanen teku ya sa aka komo da shi a 1867. BBC ta fara karanta labarin iskar teku a rediyo a 1925.

Da na komo gida na ba wani dattijon malami labarin nan a zaurensa bayan la'asar, sai ya ajiye tasbaha ya ce, "To, ɗana, mene ne bambancin wannan da duba?" Tambayar ba ta wasa ba ce, domin ƙarshen Suratu Luƙman ya sanya saukar da ruwa cikin abubuwa biyar da Allah Ya keɓe wa Kansa, kuma a cikin Muwaɗɗa akwai hadisin daren ruwa na Hudaibiyya, inda aka tsananta a kan wanda ya jingina ruwan sama ga tauraro. Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, idan hadari ya haɗo daga gabas, iska ta juya, ka ce wa yara su kwashe shanya, ka yi duba ke nan?" Ya yi murmushi, ya ce in je in sake karanta Sanusi.

Na kuwa karanta. Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda malamanmu suka daɗe suna karantar da littattafansa na tauhidi, ya raba hukunci uku: na shari'a, da na hankali, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne ƙulla abu da abu saboda yawan ganinsu tare, kamar wuta da ƙuna, ko abinci da ƙoshi, tare da sakankancewa cewa saɓani yana yiwuwa, kuma ɗayansu ba shi da tasiri a kan ɗayan. Wanda ya ga ma'aunin nauyin iska yana faɗuwa da sauri ya ce guguwa na tafe, a cikin wannan babi yake magana. Alamar tana gabansa a fili, kowa ya koya zai iya karanta ta, saɓanin boka da ke da'awar wata kafa tasa shi kaɗai zuwa ga abin da aka ɓoye.

Abin da ya fi kama hankalina, har na fahimci tsohuwar nan daga baya, shi ne ladabin lafazin. An ƙayyade wa karatun kalmomi wajen 350, kuma kowace kalma an auna ta kamar yadda fakihi ke auna wajibi da mustahabbi. Ƙarfin iska da lamba ake faɗarsa, bisa ma'aunin Beaufort wanda ya tashi daga 0 zuwa 12, sai ta kai 8 ake yin gargaɗi. In an ce iskar tana gab, cikin sa'a 6 ke nan. In an ce nan kusa, tsakanin 6 da 12. In an ce daga baya, bayan sa'a 12. Hange ba ya zama mai kyau sai ya wuce mil 5 na teku. Murya ɗaya ce ga lafiya da halaka, ba ta ɗagawa don tsoratarwa, ba ta sassautawa don lallashi, ba ta kuwa ce wa kowa ya fita ko kada ya fita. Wannan shawara tana wuyan mai jirgi. A zatona, mutumin da ya wuni yana jin 'yan siyasa da 'yan talla suna rantsuwa a kan abin da ba su sani ba, in ya ji mai magana wanda ya tsaya daidai inda saninsa ya tsaya, dole zuciyarsa ta kwanta, balle yana cikin bargo yana tuna akwai waɗansu bayin Allah a kan raƙuman ruwa a wannan sa'a.

Inda nake jin tsoro shi ne wajen mai sauraro, wanda yawan dacewar hasashe kan sa ya mai da rinjayen zato yaƙini, har ranar da aka sami saɓani ya ga kamar an ci amanarsa. Irin wannan buƙata ce mutanen zamaninsa suka ɗora wa FitzRoy, mutumin da shi kansa mai riƙo da addininsa ne ƙwarai, wanda ya nace cewa abin da yake bayarwa ra'ayi ne bisa lissafi, ba annabci ba. A 2002 aka sake wa yankin Finisterre suna, aka sa masa na FitzRoy, yanzu kowane dare ana ambatonsa tsakanin Trafalgar da Sole.